Ɗingishin dabba: yadda ake duba kofato, a gyara shi, a yi masa magani

Rago ya kwana lafiya, da safe sai a tarar yana ɗage ƙafa ɗaya, ko yana cin dusa a durƙushe bisa gwiwoyinsa. Abin da aka saba yi a gidaje da yawa na Damagaram shi ne a aiki yaro ya sayo allura, a soka masa a cinya, a zauna jira. Sau da yawa kuwa ƙayar aduwa ce ta shige tsakanin kofato, ko kaska ta lafe a wurin, kuma babu allurar da za ta fitar da su. Mafi yawan ɗingishin dabba daga kofato yake tasowa, ba daga cinya ko kafaɗa ba. Saboda haka aikin farko shi ne a ɗaga ƙafar, a wanke ta, a duba ta da ido da hannu da hanci.

Ƙasarmu tana da fuska biyu a wannan sha'ani. Dabbar da ke yawon kiwo a rairayi da tsakuwa, irin ta wajen Tanut da Gure, tafiya ce ke cinye mata kofato daidai da yadda yake tsirowa, ba kasafai take bukatar wuƙa ba. Wahalar tana ga ragon turke na cikin gari, wanda yake wata uku ko huɗu a ɗaure wuri ɗaya yana taka fitsarinsa, da kuma dabbobin kudu, wajen Matamaye da Magarya da fadamun Korama, inda ƙasa ke riƙe laima daga Yuli har Satumba.

Sassan kofato da kayan aiki

Abu biyar ya kamata mai gyara ya sani. Akwai bango, wato ɓawon nan mai tauri na waje, shi ke ɗaukar nauyi. Akwai tafi, wanda ke kallon ƙasa. Tsakanin bango da tafi akwai wani siririn farin layi, nan ne mahaɗa, nan ne kuma tsakuwa da ƙaya suka fi samun hanyar shiga. Sai dunduniya mai taushi a baya, sai bakin gashi a sama, inda kofato ke tsirowa kamar yadda farce ke tsirowa daga gindinsa. Shanu da tumaki da awaki kofatonsu biyu ne a kowace ƙafa, da fata a tsakani. Doki da jaki nasu ɗaya ne, kuma a tsakiyar tafinsu akwai wani tudu mai taushi kamar roba, mai siffar bakin mashi, da kwari biyu a gefensa.

Kayan aiki ba su da yawa: wuƙa gajera mai kaifi sosai, in an samu mai lanƙwasasshen baki ta fi, almakashin kofato, ko irin wanda masu lambu ke datse rassa da shi, awartaki mai kaifin baki don shanu da dawaki, magagari babba, ƙugiyar ƙarfe marar tsini ta sakace ƙasa, wadda kowane maƙeri zai lanƙwasa maka daga guntun rodi, burushi, bokiti, da Betadine, wato ruwan aidin na wanke rauni. Wuƙa dakusasshiya ta fi mai kaifi haɗari, domin sai an danna ta da ƙarfi, in ta kuɓuce kuma sai cikin nama, na dabba ko na mai riƙo. Tsakanin dabba da dabba a tsoma kayan cikin ruwan jabel, kashi 1 cikin ruwa kashi 9, a ɗauraye, a shanya, don jabel na cin ƙarfe.

Kamu da dubawa

Tunkiya da rago ana zaunar da su ne bisa gindi, bayansu jingine da ƙafafun mai riƙo, nan take sai su yi laushi. Akuya ba ta yarda da wannan zama, a ɗaure ta gajere a jikin bango a ɗaga ƙafa ɗaya bayan ɗaya. Mai tsohon ciki kada a juya ta. Sa kuwa in ba a iya ɗaga ƙafarsa da igiya a tsaye ba, sai a kayar da shi bisa rairayi mai laushi, a kan gefensa na dama, a jawo ƙafar gaba ta ƙasa zuwa gaba a sa buhun ƙaiƙayi ƙarƙashin kafaɗa, don kada nauyinsa ya danne jijiya ya tashi yana jan ƙafa. A hana shi abinci tun daren jiya, kuma kada kwanciyar ta wuce minti 20 zuwa 30, in ba haka ba ciki zai kumbura.

Bayan wanki, a taɓa kofaton da bayan hannu a gwada shi da na ɗaya ƙafar: wanda ya fi zafi shi ne mai ciwo. A buɗa tsakanin kofatai a leƙa har ciki. A shaƙa. A bi farin layin nan da bakin wuƙa ana neman baƙin ɗigo. A matsa tafi wuri wuri da awartaki a hankali, inda dabba ta fizge ƙafa nan ciwon yake. A shanu a fara da kofaton waje na ƙafar baya, shi ya fi kamuwa.

Abu biyu ne ba na kofato kaɗai ba. In dabbobi da yawa suka fara ɗingishi tare, shanu na dalalar da yawu, da ƙuraje masu ruwa a baki da tsakanin kofato, wannan ciwon baki da ƙafa ne, wanda makiyaya da yawa ke kira boru. Yana kama shanu da tumaki da awaki, ba ya kama doki da jaki. A ware marasa lafiya, kada a kai su kasuwa ko rijiyar gayya, a sanar da ma'aikatan kiwo. Allurar kashe ƙwayoyin cuta ba ta kashe shi, iyakarta ta tare ruɓewar da ke biyo baya. Na biyu, ɗan maraƙi ko bijimi mai ƙiba da ya gurgunce farat ɗaya, cinya ko kafaɗa ta kumbura tana ƙaras ƙaras in an danna, harbin daji ne, a nemi likitan dabbobi a ranar.

Yanke kofaton da ya yi tsawo

Da rani kofato kan bushe ya koma kamar dutse. A tsayar da dabbar bisa jiƙaƙƙen rairayi ko jiƙaƙƙen buhu na awa guda kafin a fara, ko a bari sai washegarin ruwan sama.

A tumaki da awaki bangon ne ke yin tsawo ya naɗe ƙarƙashin tafi, ya zama aljihun da ke tara kashi. A sakace aljihun, a datse naɗin har bango ya yi daidai da tafi, a rage tsinin gaba, a ɗan taɓa dunduniya in ta yi tudu. Ma'aunin shi ne bakin gashi: in dabba ta tsaya, layin ƙasan kofato ya tafi daidai da layin gashin, kofatai biyun kuma su zama tsawo ɗaya. A riƙa fiƙe shi siriri siriri kamar mai fere ƙwarya, ana dubawa bayan kowane yanka. Da zarar farin ya fara komawa ja-ja, a tsaya, jini na kusa. Ragon turke a duba shi kowane mako 6 zuwa 8. Dubawa aka ce, ba lallai yanka ba.

Kuskuren da ya fi yawa shi ne zurfafa yanka a tsinin gaba don kofato ya yi kyau ga mai saye. Wurin da aka huda kan fitar da wani jan tsiro na nama, mai zubar da jini da an taɓa, wanda ke hana ɓawo rufewa wata da watanni. Gyaran gangar Abzinawa ke nan. Kofaton da ya riga ya lanƙwashe sama kamar takalmin sarauta ba a gyara shi rana ɗaya, domin naman ciki ya bi shi ya yi tsawo. A raba aikin sau 2 ko 3, mako 2 tsakani. In an yi kuskure jini ya fito, a danne da tsumma mai tsabta, a sa Betadine, a ajiye dabbar a busasshen wuri kwana biyu.

A babbar saniya, ma'aunin da aka saba bi shi ne bangon gaba ya kai santimita 7 da rabi daga bakin gashi zuwa tsini, tafi kuma ya rage da kaurin milimita 5 zuwa 7. An fitar da wannan ma'auni ne kan manyan shanun madara na Turai, don haka a ɗauke shi a matsayin iyakar da ba a gangarawa ƙasa da ita ga babban sa. In tafi ya fara lotsawa ƙarƙashin babban yatsa, an riga an wuce. Shanun huɗa da na amalanke ma sau da yawa matsalarsu akasin haka ce: tafiya bisa kwalta da burji ta cinye tafin ya yi siriri, hutu da ƙasa mai laushi suke bukata.

Kofaton sa yana tsirowa kimanin milimita 5 a wata. Wannan na da amfani a kasuwa. Zoben da ya kewaye kofato a kwance alama ce ta wani ciwo mai tsanani ko yunwa da dabbar ta sha, kuma in zoben yana santimita 2 ƙasa da gashi, abin ya faru wajen wata 4 da suka wuce, ko me dillali ya ce.

Ruɓewar kofato

Wannan ita ce cutar damina. Laima tana jiƙa fatar tsakanin kofatai har ta yi laushi, ƙwayoyin cuta su shiga. Da farko fatar ce kawai ke yin ja ko fari-fari, tana danshi, gashin wurin ya zube. In aka bar ta, a tumaki da awaki, sai ta ci ƙarƙashin ɓawo tun daga dunduniya, tafi ya riƙa ɗagowa, da wani toka-tokan ruɓi a ƙasa da warin da wanda ya taɓa shaƙa ba ya mantawa. A shanu kuwa ƙafar ce ke kumbura daidai wa daida sama da kofato, kofatai biyun su buɗe, fatar tsakani ta tsage, da zazzaɓi.

Matakin farko feshi ya isa. A wanke, a busar, a fesa maganin nan shuɗi mai oksitetrasiklin, wato maganin kashe ƙwayoyin cuta, a tsayar da dabbar a busasshen daɓe minti 30 kafin a sake ta. Fesawa bisa jiƙaƙƙiyar ƙafa mai kashi asarar magani ce.

In ɓawo ya fara ɗagowa, ko ƙafa ta kumbura, nan ne allura ke da wuri. Oksitetrasiklin mai dogon aiki, mai ƙarfin kashi 20 cikin 100, ana ba da mililita 1 ga kowane kilo 10 na nauyin dabba, cikin tsoka. Rago mai kilo 50 mililita 5 ke nan. Balami mai kilo 70 za a yi masa mililita 7, a raba wuri biyu, don ba a zuba fiye da 5 a wuri ɗaya ga tumaki da awaki. Ƙarancin magani shi ke sa a ce allura ba ta yi ba: ana kiyasta ragon da ido a rage masa nauyi, ko a sayi kwalbar da ta sha rana a tebur. A saya a kantin magungunan dabbobi, a duba kwanan watan lalacewa. In bayan kwana 3 babu sauƙi, a kira likita, wataƙila ciwon ya kai gaɓa.

A nan akwai abin da ya saɓa wa al'ada. An daɗe ana ɗauka cewa ruɓaɓɓen kofato sai an sassaƙe shi har an ga jini. Binciken likitocin dabbobi ya nuna sassaƙar tana jinkirta warkewa. A cire kawai ɓawon da ya riga ya saki yana lilo, sauran a bar wa allura da feshi da busasshiyar ƙasa.

Mai kiwon layya ya lura da lissafin kwana. Bayan wannan allura ba a cin naman sai an cika kwanakin da aka rubuta a jikin kwalba, yawanci 21 zuwa 28, madara kuma kimanin mako guda. Ga shi kuma malamai sun bayyana cewa dabba mai ɗingishi bayyananne ba ta yin layya. Wanda ya bari sai saura kwana goma sallah ya shiga tsaka mai wuya, shi ya sa ake duba ƙafafu tun saura wata biyu.

In garke ne gaba ɗaya, sai a yi kwamin wanka. Rabin jarkar roba ya isa dabba ɗaya, dogon kwami na siminti kuma ga masu yawa, ruwa ya rufe kofato har bakin gashi: santimita 6 ga tumaki, 10 ga shanu. Mafi dacewa ga tumaki shi ne sulfat na zinki, kilo 1 cikin lita 10 na ruwa, su tsaya ciki minti 10 zuwa 15, sau ɗaya a mako. Sulfat na tagulla, garin nan shuɗi, giram 500 cikin lita 10 ne, yana aiki ga shanu, amma guba ne ga tunkiya in ta sha, yana kuma cin bokitin ƙarfe. Formol kuwa, wani ruwan magani mai kaifin wari, mililita 300 cikin lita 10, ratsawa kawai ake yi ba tsayawa, yana ƙona buɗaɗɗen rauni, a zafinmu kuma tururinsa na shiga ido da hanci, mun fi son a bar shi in akwai wani. Kowanne aka zaɓa, a shayar da dabbobi tukuna don kada ƙishirwa ta sa su kafa baki, a wanke ƙafafu da ruwa kafin su shiga, a canza ruwan in ya yi kauri da kashi, a zubar da shi nesa da rijiya.

Ƙwayar da ke kawo ruɓewar tumaki ba ta wuce kimanin mako 2 a ƙasa in babu kofaton da za ta zauna. A kwashe takin tsohon wurin, a bar shi rana ta gasa shi kwana 14, a mayar da turke wuri mai tudu, a zuba sabon rairayi. Sabuwar dabba daga kasuwa a ɗaure ta daban mako 3 zuwa 4, a duba ƙafafunta huɗu ranar da ta iso. Ruwan bagaruwa, irin wadda majema ke aiki da ita, yana tsotse danshin fata ya ƙarfafa ta, ba laifi a wanke da shi a matakin farko, sai dai ba ya kaiwa ƙarƙashin ɓawo. Baƙin man mota da ruwan batir da kananzir kam ƙona nama suke yi.

Katako ga sa, takalmi ga jaki

Tun da sa yana da kofato biyu a ƙafa, ana iya ɗaga mai ciwon daga ƙasa ta hanyar manna katako ƙarƙashin mai lafiyar. Wannan shi ne maganin gyambon tafi da ƙurjin farin layi bayan an buɗe su an fitar da mugunya. A yanko katako mai siffar tafin, tsawo kimanin santimita 11 zuwa 13, faɗi 5, kauri 2 zuwa 2 da rabi, a yi masa zane zane da zarto don gam ya kama. A goge kofato mai lafiyar da magagari ya yi kaushi, ya bushe ƙayau. Gam na musamman ne, gari da ruwa ake haɗawa, irin su Technovit da Demotec, kuma da zafin Afrilu yana daskarewa cikin ƴan mintuna, don haka a shirya komai kafin a kwaɓa. Katakon ya ɗan ja baya ya tallafi dunduniya, in ya yi gaba da yawa kofato zai tuntsura ya ja jijiya. Gam kada ya hau naman dunduniya. A ajiye san a daɓe mai tauri, domin cikin zurfin rairayi katakon nutsewa yake yi, mai ciwon ya koma taka ƙasa. A cire bayan mako 4 zuwa 6, ko nan take in ɗingishin ya ƙaru.

Doki ko jakin da ya wayi gari ba ya iya taka ƙafa sam, kamar ya karye, yawanci ƙurji ne a cikin kofato. Kofaton zai yi zafi, jijiyar bayan idon sawu tana bugawa da ƙarfi. A bi baƙin ɗigon da ke farin layi da bakin wuƙa, a yi rami ƙarami kamar ƙwayar wake, har baƙin ruwa mai wari ya fito. Ba a yi masa sakiya da jan ƙarfe. A jiƙa ƙafar cikin ruwan ɗumi mai gishiri, babban cokali 2 a kowace lita, minti 15 zuwa 20, safe da yamma, kwana 3. A kwaɓa sukari da Betadine su yi kaurin zuma, a cika ramin, a rufe da auduga da tsumma, sannan a saka masa takalmi na tsohon tib ɗin mota ko fatar da baduku ya ɗinka. Ɗaurin ya zauna bisa tsumma, yatsa na iya shiga ƙarƙashinsa. Zaren roba da aka ɗaure tam a sama da kofato yana tsayar da jini, ƙafa ta mutu. A kwance kullum a canza.

Ƙusa ko waya da ta shiga tsakiyar tudun nan mai taushi ba aikin gida ba ce, don ƙarƙashinsa akwai jijiya da gaɓa. A lura da inda ta shiga da zurfinta, a kira likita. Kowane huji a kofaton doki ko jaki kuma yana bukatar allurar tetanos a ranar, domin su ne dabbobin da wannan ciwo mai sandarar da jiki ya fi kashewa. Oksitetrasiklin mai dogon aiki na shanu ba a yi wa doki da jaki shi.

Dokin barga a sakace masa kofato kullum. Baƙin ruɓi mai wari a kwarin tudun yana zuwa ne daga tsayuwa cikin fitsari, a goge shi da tsumma har ƙasan kwarin a sa Betadine. Gyara da awartaki da magagari kowane mako 6 zuwa 8, a zagaye gefen bangon don kada ya tsage. Tsagar da ta taso daga ƙasa zagayewar nan kan tsayar da ita, wadda ta sauko daga bakin gashi sai likita. Kofaton jaki ya fi na doki miƙewa tsaye, kada a kwantar da shi don ya yi kama da na doki, kuma ya fi shan ruwa, shi ya sa jakin ɗiban ruwa da ke yini a caɓin bakin rijiya bangonsa ke rabuwa da tafi.

Saura ciwo ɗaya da ke shigowa ta baki. Dabbar da ta ɓalle ta cinye buhun gero, ko ragon da aka ɗura wa dusa da tsaki farat ɗaya, ko dokin da aka ninka wa hatsi don ya yi kyau kafin hawan sallah, kofatansu kan ɗauki zafi, musamman na gaba. Doki zai tsaya ya miƙa ƙafafun gaba yana jingina baya, rago kuma ya durƙusa. A janye hatsi nan take, a bar ciyawa busasshiya, a tsayar da dabbar cikin ruwan sanyi ko jiƙaƙƙen rairayi mai zurfi, da ƙanƙara in akwai, kada a tilasta mata tafiya, likita ya ba da maganin zafi. Ƙarin hatsi ga dabbar turke ana yin sa ne kaɗan kaɗan cikin mako 2 zuwa 3, a raba shi safe da yamma, harawa ko ciyawa kuma ta riga shi shiga ciki.